Gaisuwar da Ta Jira Ni a Damagaram

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo a zauren 'yan ajinmu: "Sa'a, da gaske ke ce kika tsallake iyaka? Ke da ko bakin rijiyar Kusugu ba kya iya zuwa?" Har wata ta ce sai ta ga hoto za ta yarda. Ba ni da hoto, ban ma tuna da waya ba. Ga labarin nan zan rubuta muku sau ɗaya, don idan na fara shi da baki ba na kai ƙarshe.

Wasunku sun san dalilin da ya sa na zama haka, wasu kuma sun ɗauka girman kai ne. Baba ya rasu a lokacin kullen korona. Tari ne da zazzaɓi, bai daɗe ba. Ba a gwada shi ba, har yau ba mu san ko ita ce ba. Maza 'yan kaɗan suka kai shi, aka ce kada a yi zaman makoki. Tabarmin da Umma ta shimfiɗa a tsakar gida da safe, ita ta naɗe abinta da yamma, ba wanda ya zauna a kai. Mutane sukan tsaya daga bakin zaure su ɗaga murya, "Allah ya jiƙansa," su juya. Daga nan abin ya shige ni. Gari ya buɗe, kasuwa ta ci gaba da ci, muka koma makaranta har muka gama, amma ni ban koma daidai ba. Ba na cin abinci kwano ɗaya da kowa. Ba na fita sai da takunkumin fuska. Kuma ba na ba kowa hannu. Ko Umma, idan za ta miƙo mini abu, sai dai ta ajiye in ɗauka. Ta daina yi mini kitso, ni nake tufke kaina. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, sai dai wani lokaci in gan ta zaune tana kallon tafin hannunta.

Goggo Indo, ƙanwar Baba, ita kullen nan daban ya yi mata. Matar da a da ba ta wuce Sandamu, can ɗin ma sai da biki, yanzu ba ta zama. Ta shiga cikin matan unguwa da suke haɗuwa su ɗauki shatar mota su tafi yawon buɗe ido. Waɗanda a da adashinsu na kwanuka ne da atamfa, yanzu na tafiya ne.

"An kulle ni sau ɗaya, na ga yadda ake kulle mutum," in ji ta. "Kafin su sake, sai na ga duniya. Kwanon tangaran zai bi ni kabari ne?"

Ranar da ta zo da maganar Damagaram na ce mata a'a tun kafin ta zauna. Sai ta ce sauran mata otal za su sauka, amma ita gidan Malam Isa za ta kwana, mai masaukin Baba. Kun san Baba fatu yake saye, shekara da shekaru yana zuwa can, kuma ba ya sauka ko'ina sai gidan mutumin nan. Ya kan dawo mana da cuku da dabino da labarin wani gari mai duwatsu. Na ji ina son ganin ɗakin da yake kwana. Na dubi Umma. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ki je, Sa'adatu."

Da hantsi muka tashi, ƙarshen damina, gero ya fi mutum tsawo a gefen hanyar Mai'adua. Na zauna jikin taga, na sa jakata tsakanina da Goggo. Motar cike da mata, turare kala-kala, kowa na magana ba mai sauraro. Shugabar tafiyar ita ce Hajiya Bilki, mace mai jiki da murya, wadda dariyarta take girgiza kujerar da take kai. Ba mu yi nisa ba wata ta yi atishawa a baya. Na ciro 'yar kwalbar ruwan goge hannu na shafa. Sai Hajiya Bilki ta ɗaga hanci.

"Direba, tsaya! Wa ya shigo mana da giya mota? Mu da muka fito da alwala!"

Mota ta kece da dariya. Goggo ta ce, "'Yar yayana ce, likitar gidanmu. Ni ma sai ta goge ni take yarda ta gaishe ni."

Direban, Malam Tukur, ya dube ni ta madubi ya ce in rabu da su. Ya ce shi hanyar nan ya san ta da 'yan kasuwa da masu zuwa ta'aziyya, mutane masu ɗaure fuska da buhuna. Tun bayan ciwon nan kuwa sai ga Hajiyoyi da kuloli, a tsaya su ɗauki hoton raƙumi, a tsaya su ɗauki hoton tafki. "Wasu kuma," in ji shi, "tun lokacin ba su sake shiga mota ba. Ciwo ɗaya ne, amma ya raba mutane gida biyu."

A Kongolam, bakin iyaka, aka ce kowa ya sauko. Babura suna shawagi kamar ƙudan zuma, masu fura da masu rake suna ta kira. Na bi layi ina tattare hijabina kada ya taɓa na gabana. A ɗaya ɓangaren wani jami'i siriri ya karɓi katina, ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Malama, ta cikin hoton nan tana da hanci da baki. Ke kuma ido kawai nake gani."

Na tsaya kamar an dasa ni. Goggo ta ce ƙasa-ƙasa, "Sauke mana, kada ki kwanar da mu a nan." Na sa yatsa na ja takunkumin ƙasa. Iska ta taɓa leɓena. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ji ƙanshin ƙasa mai danshi, da hayaƙin tsire, da wani abu kamar furen itacen ƙariya, duk a lokaci ɗaya, kamar an buɗe ɗakin da aka daɗe da rufewa. Jami'in ya miƙo katin ya ce, "To, ke ce. Sannu da zuwa." Na mayar da takunkumin da sauri, amma ƙanshin ya bi ni har cikin mota.

Daga nan hanyar ta zama kamar mafarki. Ƙasar iri ɗaya ce da tamu, gero ɗaya, itatuwan gawo ɗaya, Hausa ɗaya, amma komai ya ɗan karkace. Allunan hanya da rubutun da ban iya karantawa ba. Makaranta su lakwal suke ce mata. A Matameye wata mata ta leƙo da burodi dogo kamar sanda, Hajiya Bilki ta saya ta ɗaga shi ta ce da wannan za ta riƙa tsawata mana. Ni dai ina kallon raƙuma suna tafiya a gefen titi, ba sa sauri, kamar ba ƙasa suke takawa ba. Na riƙa tunanin Baba ya ga bishiyar nan, ya ga rijiyar can, wataƙila ya sha ruwa a rumfar nan.

Bayan Kance taya ta fashe. Malam Tukur ya shiga ƙarƙashin mota, mata kuwa ko a jikinsu, suka shimfiɗa zannuwa a inuwa suka buɗe kuloli. Dambun zogale aka juye a babban faranti, hannuwa suka nutse ciki. Ni na koma gefe da 'yar kulata, na juya baya na ci. Wani dattijo makiyayi ya zo wucewa da tumakinsa, ya yi sallama, ya tsaya yana kallonmu.

"Biki za ku ko rasuwa aka yi?"

"Babu ko ɗaya, Baba," in ji Hajiya Bilki. "Yawo muka fito."

"Yawo? Wani abu ya ɓace muku?"

"Kallon gari za mu yi."

Ya jingina da sandarsa ya ce, "Kun bar gidajenku lafiya lau, da ruwa a randa, kun zo kallon duwatsu?" Aka yi ta dariya, aka cika masa hannu da dambu. Ya tafi yana girgiza kai, yana ba tumakin labari.

Da azahar muka shiga Damagaram. Duwatsun da Baba yake faɗa suna nan, manya, masu santsi, a tsakiyar gidaje, kamar wasu dabbobi ne suka kwanta suka yi barci aka gina gari a kewaye da su. Abin da ya ba mu mamaki shi ne shirun. Shaguna a rufe, tituna fayau. Na ɗauka wani kullen ne ya same mu a ƙasar mutane. Malam Tukur ya ce a'a, haka suke, idan rana ta take kowa ya je ya kwanta sai la'asar. Hajiya Bilki da ta ƙulla niyyar kasuwa ta ce, "A Daura mai shago ya rufe da rana tsaka, ai sai a je a duba ko ya mutu." A otal ɗin ma sai da ta sa aka canza zannuwan gado a gabanta, ta leƙa banɗaki, ta tambayi wa ya kwana a ɗakin jiya. Na ce a raina ashe ba ni kaɗai ciwon nan ya bar wa tabo ba, ita dai nata da dariya take rufe shi.

Ni da Goggo aka kai mu unguwar Zango. Lungu ne siriri, bangaye masu zanen ado, ƙofa ta katako. Malam Isa yana zaune a zaure, tsoho fari fat da gemu, gabansa ɗan murhun gawayi da butar shayi. Goggo ta fara gaisuwa, amma idonsa a kaina yake.

"Wannan ɗiyar Na-Daura ce," ya ce. "Goshin ne."

Na-Daura suke kiran Baba a can. Ban taɓa sani ba. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya zuba shayi daga sama, kumfa ta taso a ɗan ƙaramin kofin gilashi wanda kowa yake sha a mayar a zuba wa na gaba. Ya miƙo mini, na ce na gode, ba na sha. Sai ya ba Goggo, ta shanye har da tsotsar kumfa.

Matarsa, Ayya Mariyama, ta fito daga ciki, gajeruwa, baƙa, da tsage a kumatu. Tana tafe tana tari, irin tarin tsofaffi mai fitowa daga ƙirji. Na ja da baya har na bugi bango. Ta lura, ta tsaya inda take, ta ce a nuna mana ɗaki. Ɗakin Baba ne. Gado na ƙarfe, buzun sallah, ƙusa a bango inda yake rataye riga. Warin jimar fata yana nan, warin da yake dawowa da shi a kayansa. Hasken yamma yana shigowa ta wata 'yar taga, na zauna bakin gadon, na ji kamar yanzu zai yi gyaran murya a waje ya ce, "Sa'a, kawo mini buta." An kawo tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya, da cuku a gefe. Ba tare da na roƙa ba, Ayya ta sa an zuba nawa a kwano daban.

Da safe ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Na leƙo, na ga an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi daga bakin ɗaki har gindin bishiyar darbejiya. An ajiye ƙwarya da gumba, da goro a faifai. Na tambayi Goggo ko suna ake yi. Ita ma ba ta sani ba. Sai ga Ayya.

"Na babanki ne, ɗiyata," ta ce. "Da labari ya zo mana, iyaka a rufe take. Malam ya je har bakin shingen ya dawo. Da aka buɗe kuma ƙafa ta hana shi, ni ga ƙirji. Mun yi ta waya, amma mu nan gaisuwar mutuwa ba ta faɗuwa sai an yi ta hannu da hannu. Unguwar nan duk sun ci goronsa. Tun jiya na aika cewa jininsa ya zo."

Kafin in ce wani abu mata suka fara shigowa. Tsofaffi, matasa, masu goyo, suna cire takalma a bakin zaure, suna zama layi-layi a kan tabarmin. Daga waje ina jin muryoyin maza suna salati. Aka zaunar da ni a tsakiya kusa da Goggo. Gaisuwarsu ba irin tamu ba ce ta a durƙusa a ce "ya haƙuri" a matsa. Su sai sun kama hannunka da hannu biyu, su riƙe, su yi addu'a, sannan su kai hannun ƙirjinsu. Na ga an yi wa Goggo haka, na gane abin da ke tafe. Na cusa hannuwana cikin hijabi na matse su a cinya. Na duba ƙofa, mata sun cika ta.

Ayya ce ta fara zuwa gabana. Ta zauna dirshan, ta yi tari ta kau da kai, ta goge baki da gefen zane, sannan ta miƙo hannu.

Ban motsa ba. Tsakar gidan ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan darbejiya. Goggo ta matso ta ce cikin haƙora, "Sa'adatu, kada ki kunyata babanki a gidan da ya ci abinci."

"Bar ta, Indo," in ji Ayya. Hannun yana nan a miƙe. "Hannun daka ne, ba ya gajiya da wuri."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ko amarya ce ake sayen baki?" Aka ɗan yi dariya.

"Ina jin tsoro, Ayya," na ce. Ban san muryar ta fita ba sai da na ji ta.

"Na sani. Mu ma mun ji shi. A ɗakin can yayata ta rasu lokacin, ni kaɗai na wanke ta, ba wadda ta shigo. Tarin nan kuwa na hayaƙin murhu ne, ya girme ki." Ta ɗan gyara zama. "Wa ya riƙe hannunki ranar da aka fita da shi?"

Na ce babu.

"Uwarki fa?"

Na ce ita ma babu.

Na kalli hannun. Lalle ya dushe a yatsun, akwai tsohon tabon ƙuna a wuyan hannu, kuma ya fara rawa kaɗan, don ƙarya take yi, ya gaji. Wannan rawar ce ta karya ni. Ban san lokacin da nawa ya fito daga hijabi ba, na dai gan shi yana tafiya kamar na wata. Ta kama shi da hannu biyu. Zafi ne da shi, da kaushi. Ta ce, "Allah ya jiƙan Na-Daura. Allah ya sa ya huta. Ya haƙurinki, ɗiyata?"

Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Baba, shi ya zo. Takunkumin ya jiƙe ya manne mini a baki har na kasa numfashi, na cire shi da kaina. Daga nan sai hannuwa. Mai sanyi, mai gumi, mai ƙanshin daddawa, mai zobe. Kowace da abin da za ta faɗa. Wata ta ce shi ya kawo wa ɗanta maganin ido daga Najeriya. Wata ta ce kullum sai ya tsokane ta cewa furarta ba ta kai ta Daura ba, kuma kullum sai ya shanye. Fuskokin suka riƙa narkewa suna haɗuwa, ganyen darbejiya yana zubo mana, na rasa ko a Damagaram nake ko a tsakar gidanmu, a ranar da ya kamata a yi wannan zaman. Goggo mai bakin tsiya tana gefe tana sharɓe da gefen mayafi.

Kada ku ɗauka na warke. Da aka watse na shiga ɗaki, na wanke hannu har ya yi ja, na kwanta ina sauraron ƙirjina ko zan ji tari. Da yamma mata suka zo suka ɗauke mu, muka ga tsohon birni, muka hau wani dutse, Hajiya Bilki ta samu kasuwarta ta sayi kilishi da takalman fata. Duk na gansu kamar ta cikin ruwa. Idan kuka tambaye ni launin ƙofar fada ba zan iya faɗa ba.

Ranar da za mu taho, Ayya ta raka mu har bakin lungu. Ta sake kama hannuna, wannan karon ban ɓoye ba, ko da yake sai da na rufe ido.

"Abin da muka ba ki ba naki ba ne ke kaɗai," ta ce. "Rabi na uwarki ne. Ki kai mata yadda aka ba ki. Kada ki kai da baki."

Duk hanyar dawowa da maganar nan na zauna. Mata suna ta shirya inda za a je nan gaba, wata ta ce Agadas, wata ta ce ita sai ta ga teku kafin ta mutu. Ni ina kallon gero yana wucewa, ina jin hannuna a cinya kamar na ɗauko wani abu mai zuba.

La'asar sakaliya muka iso Daura. Na tarar da Umma a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ce, "Maraba da mutanen Nijar," ta tura mini kujera da ƙafa, yadda ta saba, don kada ta matso. Ban zauna a kujerar ba. Na durƙusa a gabanta, na ɗauke farantin daga cinyarta na ajiye. Ta dube ni da tsoro, ta ɗauka wani abu ya faru a hanya. Na kama hannunta da hannu biyu. Ya rame, ban san ya rame haka ba.

Na ce, "Umma, mutanen Damagaram suna yi miki gaisuwa. Sun ce ya haƙuri."

Kaji suka zo suka hau kan shinkafar, muna ganinsu, ba wadda ta saki wata ta kore su.